Wa Ya Goge Muryar Malam?

Ranar da muryar Malam ta ɓata, Inna ta shigo asibitin koyon magana kamar yadda ta saba kowane mako. Ta gaisa da kowa har da mai shara, ta cire takalmanta a bakin ɗakin ɗaukar sauti duk da ba wanda ya taɓa ce mata ta cire. 'Yar Sauti, budurwar da ke kula da na'urorin ɗakin, ta ɗora mata abin sauraro a kunne, ta buga lambar da ta daɗe da haddacewa, ta juya mata baya don ta ba ta wuri.

Abin da Inna ke zuwa ji bai taka kara ya karya ba a wurin wani. Mijinta Malam ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki, magana ta ɗauke masa, aka riƙa kawo shi nan ana koya masa kalma ɗaya-ɗaya. Wata rana ana cikin ɗaukar muryarsa ya hango ta ta gilashin ɗakin, ya yi ta kokawa da harshensa har ya fitar da jimla cikakkiya, wadda ya saba yi mata tun suna da ƙuruciya duk sanda ya dawo gida: "Kin ci abinci?" Bai daɗe bayan nan ba ya rasu. Likita, mai asibitin, ta so a tura wa Inna muryar a wayarta, tsohuwar ta ƙi. Ta ce in tana hannunta wuni za ta yi tana ji, ba za ta tsinana komai ba. Gara ta yi wanka, ta yi shiri, ta zo kamar mai zuwa gaishe shi.

Ran nan ta zauna ta rufe ido, ta jira.

"'Yar nan, ƙara min sautin."

'Yar Sauti ta ƙara. Ta sake kunnawa. Ta karɓi abin sauraron ta sa a nata kunnen, sai fuskarta ta canza. Na'urar tana aiki, alamar lokaci tana tafiya, amma babu komai a ciki sai shiru.

"Ko yau ba ya jin yin magana ne?" in ji Inna, tana murmushi don ta sauƙaƙa wa yarinyar. Da ta dubi fuskar yarinyar da kyau, murmushin ya tafi.

* * *

A wurin da rabin mutanen da ke zaune a benci da ƙyar suke haɗa jimla, abin mamaki ne yadda gulma ke gudu. Kafin a tashi aiki kowa ya ji an goge muryar Malam, kuma kowa ya san wanda ya goge. Matsalar ita ce ba mutum ɗaya suka sani ba. Wasu suka ce 'Yar Sauti ce, ai an ji ta tana ƙorafi. Wasu suka ce Injiniya ne, ƙanen Likita, wanda ya rubuta manhajar da ke ajiye muryoyin kuma ba ya iya ganin kwamfuta bai taɓa ta ba. Mai shara kuwa ta rantse Malamin Asabar ne, wanda ke zuwa ƙarshen mako ya duba nasa majinyatan shi kaɗai, hujjarta ita ce ba ya amsa gaisuwa da kyau.

Washegari Likita ta kira Mai Sawu.

Mai Sawu ba 'yar sanda ba ce. Mace ce mai matsakaicin shekaru, mai yawo da wata tsohuwar kwamfuta da aka liƙe kusurwarta da salatif. Sana'arta bin sawun abin da ya ɓata a cikin na'ura, kuma tun da ta fara ba ta taɓa shiga ofishin da ba a tarbe ta da "ni dai ban taɓa komai ba" ba. Ta daina jin haushin maganar, ta mai da ita kamar sallama.

"Abu biyu nake so," in ji Likita. Idanunta sun nuna ba ta huta ba. "Ki dawo min da muryar, ki gaya min wanda ya yi wannan rashin imanin. Ko ƙanena ne, sai ya bar wurin nan."

"Na biyun ya fi sauƙi," in ji Mai Sawu. "Na farkon ba na alkawari."

Inna tana ofishin, ta dawo don ta ji ko an gano wani abu. A bayan kujerarta wani dogon mutum yana tsaye, furfura ta fara fito masa a gemu. Ɗanta ne, direban tasi, shi ke kawo ta ya jira a mota. Ta gabatar da shi da sunan da take kiransa, Auta, kamar jiya aka yaye shi. Mai Sawu ta gaishe shi, ya sunkuyar da kai ya dafa ƙirji, bai ce uffan ba. Zoben da ke yatsansa yana ta ƙwanƙwasa ƙarfen kujerar a hankali.

"Ki yi haƙuri da shi, ba mai magana ba ne," in ji Inna. "Tun yana ƙarami harshen ke riƙe shi. Ubansa ne mai surutun gidan." Ta gyara mayafinta. "Ni ba hukunci nake nema ba, 'yata. In akwai inda ya maƙale, a ciro min shi kawai."

Maganar ta taɓa Mai Sawu fiye da yadda ta so. Ta ce za ta yi iya ƙoƙarinta.

* * *

'Yar Sauti ta fara kuka tun kafin a tambaye ta komai.

"An ce kin yi ƙorafi a kan zuwan Inna," in ji Mai Sawu.

"Na yi, Anti. Sau ɗaya. Ran nan layi ya yi tsawo, ga wani yaro yana ta ihu, ita kuma ta ce a maimaita mata, a maimaita mata. Na ce wannan ɗakin aiki ne ba ɗakin ta'aziyya ba. A kicin na faɗa, ban san mai shara tana bayan ƙofa ba." Ta share hanci. "Wallahi ni ma nakan tsaya in ji shi. Yadda yake jan numfashi kafin ya ce abinci."

"Kin san yadda ake gogewa?"

"Ni abu biyu na sani, ɗauka da kunnawa. In na matsa wani abu daban jan rubutu yake fitowa, in kira Injiniya."

"Jiya jan rubutun ya fito?"

"A'a. Lafiya lau ta kunna. Shirun ne kawai."

Mai Sawu ta ɗaga kai ta dube ta da kyau. Sannan ta miƙa mata hankici ta ce ta je ta wanke fuska.

* * *

Injiniya malamin jami'a ne, kuma ya zo da shirin koyarwa. Ya ja kujera, ya buɗe manhajar, ya fara daga farkon duniya.

"Yaren kwamfutar da na rubuta ta da shi na masu lissafi ne, komai a wurinsa lamba ne. Muryar mutum ma in ta shiga makirufo lambobi take zama, dubbai a jere. To ni sai na yi ma'ajiya mai makulli. Ki ɗauka akwatuna ne, kowane akwati da makullinsa. Ki miƙa makulli, ta miƙo miki abin da ke ciki, ba sai ta bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya tana lalube ba. Makulli ɗaya, ajiya ɗaya. Sauri kamar me."

"Na san irinta," in ji Mai Sawu. "Da me ka yi makullin?"

"Lambar waya." Ya faɗa da alfahari. "Suna yana maimaituwa, nan kaɗai muna da masu suna iri ɗaya sun fi a ƙirga. Shi ya sa ban ma sa suna a ciki ba, sunaye suna kan katin majinyaci a wurin karɓar baƙi. Amma lambar waya kowa da tasa."

"An ce makon jiya ka yi shara a kwamfutar."

Alfaharin ya ɗan sauka. Ya sosa ƙeya. "Wuri ne ya cika. Na cire wasu tsofaffin abubuwa. Amma ban taɓa ta Malam ba, yayata za ta kashe ni."

"Kwafi fa?"

"Kullum in za a tashi tana yin kwafi da kanta." Ya rage murya. "A kan na jiya take yi. Don kada wuri ya cika."

"Wato kwafin ma ya kwafi ɓarnar."

Mai Sawu ta so ta gaya masa magana mai zafi, sai ta ga gumi a goshinsa, ta fasa. Ta roƙe shi ya cire wani makulli na gwaji a gabanta, sannan ya nemi akwatin. Ya cire, ya nema. Nan take jan rubutu ya cika allon, manhajar tana kukan ba ta san wannan makullin ba.

"Ka gani? In da shararka ce ta kwashe Malam, da haka za ta yi wa 'Yar Sauti jiya. Ba ta yi ba. Makullin yana nan, akwatin yana nan, kuma akwai abu a ciki."

Injiniya ya sauke ajiyar zuciya mai ƙarfi har takardun tebur suka motsa.

"Kada ka yi saurin murna," in ji ta. "In aka ba ta makullin da yake akwai tare da sabuwar ajiya, me take yi?"

"Ta ɗora sabuwar a kan tsohuwar."

"Tana tambaya?"

"Ba ta tambaya," ya ce a hankali. "Haka yaren yake. Sai in mutum ya rubuta mata ta duba tukuna."

"Ka rubuta?"

Ya kalli takalmansa.

* * *

Mai Sawu ta wuni tana tonon faifan kwamfutar, ko wani ɓurɓushin tsohuwar muryar ya saura a wani lungu. Babu. An yi ta rubutu a kan wurin har ba abin da ya rage. Ta zauna ta zuba wa allon ido, ranta a jagule, don ta san abin da za ta gaya wa tsohuwar da ta cire takalmi a bakin ƙofa.

Sai ta koma kan shirun. Mai mugunta da ke son shafe murya sifili zai zuba, layi ya fito a miƙe sambal. Ta sa kwamfutar ta zana mata lambobin da ke akwatin Malam. Layin bai miƙe ba, yana ɗan rawa. Ta faɗaɗa zanen, ta ninka ƙarfin sautin, ta sa abin sauraro.

Akwai mutum a ciki. Ta ji ƙugin fankar ɗakin. Ta ji an ja numfashi mai tsawo, an riƙe, an sake shi ba tare da kalma ba. An sake ja. A ƙarƙashin numfashin akwai wata 'yar ƙara, ƙwas, ƙwas, sai ta tsaya, sai ta dawo. Wani ya zauna gaban makirufo yana son ya yi magana, maganar ta ƙi fita.

Ta duba ranar da aka yi ajiyar, ta ga Asabar ce, sai ta kira Malamin Asabar a waya. Mai shara ba ta yi ƙarya ba, gaisuwarsa a taƙaice take.

"Ka ɗauki muryar wani da bai ce komai ba?"

"Ba na ba da labarin majinyatana."

"Ban tambaye ka sunansa ba."

"Ko kin tambaya ban sani ba. Sabo ne. Ya rubuta min lambarsa a tafin hannu ya nuna min, na buga, na kunna na'ura. Ya zauna ya zauna, sai ya tashi ya fita kafin in cike masa kati. Irin wannan yana faruwa. Babban mutum ya zo koyon magana ba ƙaramin abu ba ne, sau da yawa zuwan farko kunya ke cinye shi."

"Yaya kamanninsa?"

"Baiwar Allah, na ce ba na ba da labari."

Ta ajiye wayar tana jin ya burge ta, duk da bai taimake ta ba.

Yanzu ta ga kamar ta gane komai. Kamfanin waya ba ya barin layin mamaci ya zauna a banza, in ya daɗe ba a amfani da shi sai a sayar wa wani. Ita ta sani, don ya faru da ita. Bayan rasuwar mahaifiyarta ta taɓa buga lambarta haka kawai, don ta ji ƙarar shiga, sai wani mai sayar da taya ya ɗauka yana tambayarta wace saiz take so. Ta daɗe ba ta yafe wa mutumin ba, alhali ba abin da ya yi mata. To ga shi nan: an sayar da layin Malam, baƙon da ya saya ya zo da lalurarsa, ƙaddara ta haɗa su a akwati ɗaya. Ba mai laifi sai manhaja marar tambaya.

Amma mai bin sawu ba ya tsayawa a kan zato. Washegari da safe Inna ta sake zuwa, tana ofishin Likita ana ba ta haƙuri. Mai Sawu ta tsaya jikin tagar ɗakin ɗaukar sauti, ta kwafi makullin daga allon zuwa wayarta, ta buga.

Kiran ya shiga. A ƙasa, a wurin ajiye motoci, wani mutum da ke zaune cikin tasi ƙofa a buɗe ya laluba aljihu ya ciro waya.

Ba a ce komai ba. Ta ji an ja numfashi, an riƙe. Sannan ta ji ƙwas, ƙwas, zobe a kan sitiyari.

Ta kashe wayar. Ta daɗe a tsaye a wurin, ta rasa abin da ke mata daɗi.

* * *

Ta sauka ta buɗe ƙofar gaba ta zauna kusa da Auta kamar fasinja. Motar tsaf take, tana ƙamshin sabulu. Wayar tana kan cinyarsa, tsohuwa ce, madannanta sun goge.

"Ta Malam ce?" ta tambaya.

Ya gyaɗa kai.

"Ba ka bari layin ya mutu ba."

Ya daɗe yana shirya bakinsa. Ta kau da kai ta kalli gilashi, ta bar shi ya zo da ƙafarsa.

"In na k-kira ta," ya ce, "s-sunansa ke fitowa. Tana so."

"Ranar Asabar ka zo nan."

Zoben ya tsaya cak. Ya dube ta da tsoro irin na wanda aka kama, amma ta ga tsoron ba na abin da take nufi ba ne. Shi a ganinsa asirinsa kawai ya tonu.

"K-kada ki gaya mata. Gidan ya yi sh-shiru. Da shi ke mata hira. Ni sai in zauna k-kamar kujera." Ya shafa wayar. "Na ce ko zan k-koya."

Mai Sawu ta sha gaya wa mutane labari marar daɗi, shagunan da lissafinsu ya ƙone, ɗaliban da aikin shekara ya tafi. Ba ta taɓa jin bakinta ya yi nauyi irin na ran nan ba. Ta yi masa bayanin akwati da makulli a hankali, ba ta tsallake komai ba. Ta ga lokacin da maganar ta isa gare shi. Ya kifa goshinsa a kan sitiyarin, kafaɗunsa suka fara rawa, ba sauti.

"Ba ka san haka take aiki ba," in ji ta. "Wanda ya buga lambar bai sani ba. Wanda ya rubuta ta ma bai taɓa kawo wa ransa ɗa zai zo da lambar ubansa ba. Zan iya cewa wani majinyaci ne ya zo da lambar, in yi shiru a nan. Likita za ta yarda."

Ya ɗago, ya share fuska da hannun riga. Ya girgiza kai.

"Y-yarinyar," ya ce, yana nuna sama, wajen ɗakin 'Yar Sauti. "Suna z-zaginta. Ni zan faɗa."

* * *

Aka taru a ɗakin jira bayan an sallami majinyatan safe. Likita tana tsaye ta harɗe hannu. Injiniya ya zauna can nesa da ita, inda hannunta ba zai kai ba. 'Yar Sauti tana kusa da ƙofa da jakarta a cinya, kamar wadda ta riga ta haɗa kayanta. Malamin Asabar ya zo ba da son ransa ba. Da ya shigo idonsa ya faɗa kan Auta a bayan kujerar Inna, ya ɗan tsaya, sannan ya nemi wuri ya zauna yana kallon silin kamar bai taɓa ganin mutumin ba. Mai shara ba wanda ya gayyace ta, amma ta gano cewa daidai wannan lokacin ne tagogin ɗakin ke bukatar gogewa.

"'Yar Sauti ba ta goge komai ba," Mai Sawu ta fara. "Ba ta ma san yadda ake yi ba. Laifinta ɗaya, ta yi magana a kicin." Ta kalli mai shara, wadda ta ƙara himma a kan gilashi. "Injiniya ya yi shara amma bai taɓa akwatin Malam ba. Nasa laifin ya girmi wannan, ya gina ma'ajiyar da ba ta tambaya kafin ta ɗora sabo a kan tsoho, ya kuma ɗauka lambar waya tana mutuwa tare da mai ita. Na gyara masa, yanzu tana tambaya, kuma kowa da lambar da asibiti ya ba shi. Malamin Asabar ya buga lambar da aka nuna masa, aikinsa ke nan."

"To wa ya goge?" in ji Likita.

"Ba wanda ya yi nufin gogewa. Wani ya zo neman taimako da lambar Malam, aka ɗauki muryarsa, ta hau kan ta Malam."

Ta juya wajen Inna, ta durƙusa a gabanta don kada ta yi mata maganar daga sama.

"Inna, na nema ko'ina. Ba ta nan. Ba za ta dawo ba."

Tsohuwar ta gyaɗa kai a hankali, kamar dama ta sani. Hawaye ya gangaro, ba ta share ba. Can sai ta ce, "Lambar Malam kuma? Ai lambar Malam tana hannun..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta juya.

Auta ya zagayo gabanta. Ya buɗe baki. Dukan ɗakin suka ga yadda wuyansa ya ɗaure, yadda leɓɓansa ke neman harafin farko suna rasa shi. Zoben yana buga cinyarsa. Ido ya yi masa yawa. Ya yi ƙoƙari har jijiyar goshinsa ta tashi, sannan ya juya ya fita da sauri, suka ji takunsa a matakala.

"Shi ne ya zo?" Inna ta tambayi Mai Sawu. "Auta? Nan wurin?"

Mai Sawu ta dubi Malamin Asabar, shi kuma yana nan yana nazarin silin. Ta ga tunda Auta ya ce shi zai faɗa, kuma ya tsaya a gaban uwarsa da niyyar faɗa, sauran nauyin ba laifi ta ɗaukar masa.

"Ya ce gidan ya yi shiru. Yana so ya koyi yi miki hira."

Inna ta rufe bakinta da gefen mayafi. "Yaron da ko a makaranta sai da aka yi ta jan sa," ta ce. "Shi ya kawo kansa." Ta miƙa hannu wajen 'Yar Sauti. "'Yar nan, kunna min abin da ya bari."

"Inna, shiru ne kawai."

"Na ji shirun shekaranjiya ban san na waye ba. Kunna min."

Ba a kai ga tashi ba wayarta ta yi ƙara a cikin jaka. Ta laluba ta ciro, ta nisanta ta da idonta don ta karanta. Mai Sawu tana durƙushe kusa, ta ga sunan da ya fito a allon: Malam.

Inna ba ta iya rage sautin wayarta ba, kullum a buɗe take, don haka kowa ya ji. Numfashi mai tsawo. Ƙwas, ƙwas, a kan sitiyari. Aka saki numfashin, aka sake ja. Ba wanda ya motsa, mai shara ma ta tsaya da tsumma a hannu. Inna ta riƙe wayar da hannu biyu, ta rufe ido yadda take yi a ɗakin ɗaukar sauti, ta jira. Ta saba jira.

"Inna," muryar ta fito, a shaƙe. "K-kin..." Ya tsaya ya ja numfashi. "Kin ci abinci?"

'Yar Sauti ta toshe bakinta ta juya wa ɗakin baya. Mai Sawu ta sunkuyar da kai tana ta gyaran zip ɗin jakarta wanda ba abin da ya same shi.

"Ban ci ba, Auta," in ji Inna. "Hawo ka ɗauke ni mu je gida. Ka riƙa tambayata a hanya."